Manhajar lissafi a waya: yadda mai karɓar aikin jinga zai gwada ta kafin ya dogara da ita

Wannan rubutun na yi shi ne saboda magina da masu tayil da masu wayarin da kafintoci da masu walda da masu haɗa sola, duk dai wanda yake karɓar aiki da kansa, ya yi ciniki da mai gida, ya je kasuwa ya sayo kaya, ya ɗauki yara ya sallame su da yamma. Tambayar da ake yawan yi yanzu ita ce wai waɗannan manhajojin rubuta lissafi da ake ta tallarsu a Facebook da TikTok suna da wani amfani kuwa ko cin data ne kawai. Gaskiya suna da amfani sosai ga wasu, wasu kuma babu abin da za su ƙara musu, kuma ba sai ka kashe ko sisi ba kafin ka gane wane ɓangare kake.

Ka lura da kyau ɗan'uwa, yawancin masu aikin hannu da zaka ga ana rigima da su a gaban mai unguwa ko a caji ofis ba macuta bane. Abin da ke faruwa shi ne Alhaji ya turo kafin alƙalami cikin asusun da kake cefane da shi, kana jin alat sai zuciya tace maka kuɗi ya zo, a ciki aka biya kuɗin makarantar yara, a ciki aka zuba adashi, a ciki aka ciko wa wani aikin daban siminti buhu goma da niyyar idan wancan ya biya ciko za a mayar, sai ranar da za a sayo sauran kayan Alhaji a tarar kuɗin bai kai ba kuma kaya ya ƙara tsada, kai kanka baka san inda ya tafi ba balle ka yi wa mai shi bayani. Tun lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 kusan komai ya koma tiransifa, kuɗi yana shiga yana fita ta waya sau ashirin a rana baka taɓa shi da hannu ba. Aka zo aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, dako ya tashi, a farkon 2024 buhun siminti ya haura 10,000 a wurare da yawa. Kai ba zai iya riƙe irin wannan lissafin ba, ko naka ko na wani.

Toh wa ya kamata ya damu da manhaja? Idan aikin yini kake yi, a biya ka da yamma ka tafi gida, baka sayen kayan kowa, baka biyan kowa, kada ka wahalar da kanka, ƙaramin littafi a aljihu ya ishe ka. Amma idan kana riƙe da aiki biyu ko uku a lokaci ɗaya, ko kuɗin kayan mutane yana kwana a hannunka, ko kana da yara sama da biyu da suke karɓar wani abu cikin ladansu kafin ranar biya, ko mai aikin yana Abuja ko Legas ko Saudiyya yana gini a gida sai dai ya turo kuɗi ya jira bayani, to kai ne ake magana da kai.

Mataki na farko, ka raba asusu

Wannan kafin ka sauke komai ne. Ka buɗe asusu daban wanda kuɗin aiki kaɗai ke shiga, ko a bankinka ko a irin su OPay da Moniepoint da PalmPay da Kuda, dukkansu da BVN ko NIN ɗinka ake buɗewa. Ka ɗaga matakin asusun tun da wuri, don asusun matakin farko baya riƙe sama da 300,000, kada mai aiki ya turo miliyan kuɗin ya maƙale kana tsaye a shagon mai rodi. Wannan lambar ita zaka dinga ba masu aiki. Idan kana buƙatar kuɗin cefane sai ka tura daga asusun aiki zuwa naka na gida, ka rubuta cewa ka ɗauki kaza cikin kuɗin hannunka. Idan ka tsallake wannan matakin babu manhajar da zata gyara maka lissafi, don ita abin da ka faɗa mata kawai take tarawa.

Mataki na biyu, gwaji da biro

Ka sayi littafin 'yan makaranta mai arha, ka zaɓi aiki ɗaya da kake kai yanzu, ka ja layi gida huɗu: kwanan wata, abin da aka yi, shiga, fita. Sati biyu zaka yi kana rubutawa kullum. Dalilin wannan gwajin ba wani abu bane illa ka auna kanka, idan ka kasa rubuta layi biyar da biro a rana toh bazaka buɗe manhaja da hannu duk siminti ka danna gida shida ba. Idan kuma ka iya, a ƙarshen sati biyun zaka gano da kanka abin da littafin ya gaza, tara jimla yana cin lokaci, ruwa ya taɓa shafi, ka baro shi a gida mai aiki ya kira yana tambayar nawa ya rage, babu inda zaka maƙala hoton rasit. Waɗannan guraren su ne manhaja take cikewa, kuma da su zaka auna wadda zaka ɗauka.

Mataki na uku, zaɓen manhajar

Anan ya kamata ka zauna ka natsu, don abin da ke Play Store ba iri ɗaya bane ko da duk suna kiran kansu na lissafi. Akwai masu kama da littafin bashin mai shago, kowane mutum da shafinsa, ka bayar ka karɓa, irin Khatabook da OkCredit da suka shahara a wajen masu shaguna a Indiya, kuma akwai makamantansu da yawa. Akwai waɗanda aka gina don mai sayar da kaya, suna ƙirga abin da ya rage a shago, irin Bumpa ta nan Najeriya, suna da kyau ga mai shago amma kai da ba kaya kake jerawa a kanta ba rabin gidajen da ke ciki bazaka taɓa shiga ba. Sai manya na akantoci irin QuickBooks da Zoho Books, masu fitar da rahoton riba da asara, QuickBooks biya ake duk wata. Zoho suna da wata daban mai suna Zoho Invoice wadda kyauta ce, ta fi ƙarfi wajen fitar da kwateshan da takardar neman biya mai tsabta. Sannan akwai Google Sheets da Excel, waɗanda ba manhajar lissafi bace ta musamman amma wallahi ga wanda ya ɗan iya su suna yin aikin gaba ɗaya, kowane aiki da shafinsa, jimla tana haɗa kanta.

A ganina mai aikin jinga da yake farawa ya ɗauki mai sauƙi irin ta littafin bashi, ko Sheets idan yana da ƙani ko ɗa da zai tsara masa shafin sau ɗaya. Manyan sai ranar da ka fara aiki da kamfanoni.

Duk wadda ka sauke, ka yi mata gwaji tun ranar farko kafin ka zuba mata lissafin gaske. Ka ƙirƙiri aikin ƙarya, ka saka shiga uku fita biyar. Sai ka kashe data ka sake shigar da wani abu ka gani ko zata karɓa, don sabbin unguwannin da ake gini a bayan gari sau da yawa sabis sai ka hau kan bulo kana ɗaga waya, manhajar da bata aiki sai da intanet zata sa ka ce bari sai na koma gida, kuma daga nan mantuwa take farawa. Bayan haka ka nemi inda ake fitar da lissafin a matsayin PDF ko Excel, ka fitar ka tura wa kanka ka buɗe ka gani ko ya fito daidai. Wannan kada ka yi wasa da shi. Kamfanonin manhaja suna buɗewa suna rufewa, wasu su canza sana'a gaba ɗaya, idan lissafinka na shekara biyu yana wajensu kaɗai kuma babu hanyar fitarwa, ranar da suka kashe na'urarsu ka tashi a tutar babu. Wadda ta ɓoye fitarwa sai ka biya, ka san da hakan tun yanzu ba sai ta riƙe maka lissafin wata shida ba.

Ka duba ko tana barin ka maƙala hoto a kan kowane layi, ko tana lissafi da naira, ko zaka iya saka kwanan watan jiya idan ka manta. Sai izinin da take nema. Kyamara da ma'ajiyar hotuna dai da dalili, saboda rasit. Amma idan ta dage sai ta karanta duk saƙonninka da duk lambobin da ke wayarka, kuma tana ta cusa maka tayin rance, ka goge ta. Mun ga yadda manhajojin rance suka dinga tura wa dangin mutane saƙon cin mutunci har hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya wato FCCPC ta shiga maganar, ga kuma kuɗin ruwa da ke kai. Lissafi ka zo rubutawa, kada a ja ka wani wajen.

Yawancinsu da Turanci suke, amma kalmomin da zaka riƙe basu fi biyar ba, kuma gidan bayani da Hausa zaka dinga cikewa, har da ajami idan ka saka allon rubutun Larabci a wayar. Wanda rubutu ke masa wuya kuma akwai dabara, WhatsApp yana bari ka tura wa lambarka saƙo, duk abin da ka kashe ka yi saƙon murya nan take, siminti buhu biyar dubu kaza aikin Hajiya, da dare yaronka ya saurara ya shigar.

Mataki na huɗu, tsara ciki

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a buɗe shafi da sunan mutum kawai. Alhaji ɗaya zai iya baka aikin gida da na shago, kuɗin ya cakuɗe. Ka buɗe da sunan aiki: Hajiya tayil Rijiyar Zaki, Alhaji wayarin shago Kabuga, haka dai. Kuma kowane aiki ka ba shi shafi biyu, ɗaya kaya ɗaya hannu. Wannan raba biyun shi ne duk abin da nake son ka ɗauka daga rubutun nan ko da ka manta sauran. Kuɗin kaya amana ce, ba naka bane ko naira ɗaya har sai an gama an yi lissafi, shafinsa dole kullum ya nuna nawa aka baka, nawa ka kashe, nawa ya rage a hannunka, kuma wannan ragowar dole a same ta cif a cikin asusun aiki. Kuɗin hannu kuwa daga shi kake biyan yara da abincinsu da man babur ɗinka, abin da ya rage shi ne naka.

Idan mai aiki ya turo kuɗi dunƙule bai ce na meye ba, ka tambaye shi a take, ranka ya daɗe wannan 900,000 ɗin nawa ne na kaya nawa ne na hannu, ka rubuta yadda kuka yi. Idan jinga ce gaba ɗaya da kaya da hannu a farashi ɗaya, kai zaka raba da kanka bisa kwateshan ɗin da ka yi, kada ka ce ai duk nawa ne, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kayan nan sai ka saye su ko sun tashi.

Su ma yara kowa da shafinsa. Ranar da ya zo ka rubuta ladan yini, ranar da yace oga a taimaka min da 3,000 mahaifiyata ba lafiya ka rubuta a gabansa ya gani. Ranar biya ka nuna masa fuskar wayar ku karanta tare. Haƙƙin lebura abu ne mai nauyi, kuma yawancin gunagunin da yara ke yi a bayan oga daga kwana ɗaya ne da shi yake ƙirgawa kai baka ƙirga ba.

Mataki na biyar, aikin kullum

Ka shigar a inda ka biya, kafin ka tada babur. A Ƙofar Ruwa kake ko Sabon Gari ko Panteka a Kaduna ko Dei-Dei a Abuja, kana karɓar rasit ka shimfiɗa shi a kan kanta ka ɗauki hoto ka maƙala. Takardar da na'urar POS ke fitarwa ita ce ta fi buƙatar hoto, don rubutunta gogewa yake, ka bar ta sati kaɗan a aljihu ko a akwatin babur cikin zafi zaka ɗauko farar takarda babu komai a jiki. Abin da babu rasit kuwa, yashi da tsakuwa da ruwan 'yan garuwa da masu sauke kaya da a daidaita sahun da ya ɗauko katako, ka ɗauki hoton kayan a wajen aiki, tifa tana juye yashi ga ginin a bayanta, ka rubuta kuɗin da sunan direban. Waɗannan ƙananan su ne ke cinye mutum, 1,500 nan 2,000 can, a sati sun zama kuɗin buhu uku.

Idan zaka yi tiransifa kada ka bar gidan bayani fanko, ka rubuta ko da kalma uku, rodi aikin Kabuga. Wata uku nan gaba idan ka sauke sitetimen ɗin asusun, wannan kalma ukun ce zata tuna maka. Cajin banki ma ka dinga tara shi, akwai naira 50 da ake cira a kan turawar da ta kai 10,000 ga na masu POS idan ka ciri tsabar kuɗin sallamar yara, ba sai ka shigar ɗaya bayan ɗaya ba, ka haɗa na sati ka saka layi ɗaya.

Shiga kuma kada ka rubuta sai ka buɗe manhajar bankin da idonka ka ga kuɗin ya hau. Sikirinshot da saƙon tes duk ana ƙirƙirarsu.

Da dare bayan Isha ka ɗauki minti goma ka jera alat ɗin ranar da abin da ka shigar. Idan akwai fita a banki da babu ita a manhaja yanzu ne zaka tuna ta, gobe ba lallai ba.

Mataki na shida, ƙarin aiki

Nan ne zumunci yake lalacewa tsakanin mai aiki da mai gida, don haka bari in daɗe a kai. Kana cikin aiki Hajiya ta shigo tace malam ɗan ƙara min soket biyu a nan, a mayar da fitilar can tsakiya, banɗakin yara ma a sa masa tayil har sama. Kai kuma kunya ta hana ka maganar kuɗi a lokacin, kace ba komai Hajiya, ranar lissafi ka kawo ƙarin 140,000 tace ita bata san da wannan ba ai ta ɗauka cikin jingar ne. Ita ba ƙarya take ba, haka ta fahimta, kai ma ba ƙarya kake ba. Maganin shi ne a ranar, kafin ka fasa bango, ka shigar da shi a matsayin sabon layi, ka tura mata ta WhatsApp cikin ladabi: Hajiya barka da yamma, ƙarin da kika ce na banɗaki, kaya zai ci kaza, hannu kaza, idan kin amince gobe mu fara. Ka jira tace na amince, a rubuce ko da murya, ka ɗauki hoton amsar ka maƙala a layin. Babu rashin kunya a cikin wannan. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma wanda aka yi wa aiki bai biya ba tukuna bashi ne a kansa, wanda ya karɓi kuɗi bai yi aikin ba shi ma haka.

Kwateshan ma ka dinga saka masa kwanan wata da wa'adi, ka rubuta a ƙasa cewa farashin kaya na kwana bakwai ne ko goma sha huɗu, bayan nan sai an sake dubawa. Mutum zai karɓi kwateshan a watan Rajab ya dawo bayan babbar sallah yace a fara a kan wannan kuɗin. Idan a manhaja ka yi shi, gyara farashi biyar ka sake turawa aikin minti biyu ne, kuma tsohon yana nan da kwanan watansa ya zama shaida.

Mataki na bakwai, duk ƙarshen sati

Ranar Alhamis da yamma ko Juma'a da safe ka fitar da shafin kaya na kowane aiki ka tura wa mai shi, ko bai tambaya ba. Shafin kaya fa, banda na hannu, yadda kake biyan yaranka harkarka ce. Mutumin da yake nesa yana turo gumin sa a yi masa gini, idan yana ganin an karɓi kaza an kashe kaza ga hotunan rasit saura kaza, hankalinsa kwanciya yake, kuma idan ka ce kuɗi ya kusa ƙarewa baya jan rai. Irin wannan mutumin ne yake ba abokansa lambarka.

A wannan zaman ka fitar da kwafin komai gaba ɗaya ka tura imel ɗinka ko Google Drive, suna ba da 15GB kyauta wanda ya isa lissafin shekaru. Waya tana faɗawa cikin kwaɓin siminti, tana faɗowa daga kan sikafol, ga ƙwacen waya da ya addabi mutane. Ka sa wa wayar makulli, ka sa wa layin ma lambar sirri don kada a zare shi a saka a wata wayar a shiga bankinka, sannan imel ɗin da ka yi rajista da shi da lambar sirrinsa ka rubuta a takarda ka ajiye a gida. Da yawa a shagon masu waya aka buɗe musu imel ranar da suka sayi wayar, basu taɓa sanin lambar sirrin ba, idan kana cikinsu ka gyara wannan a satin nan.

Mataki na takwas, rufe aiki

Anan zaka ga ainihin ribar wahalar. Bari in ba da misali, alƙaluman na misali ne kai ka saka na garinku. A ce aikin tayil ne kuɗin hannu 350,000, ka ji daɗin cinikin. Aikin ya ci kwana 12. Yara biyu 5,000 kowanne a rana, 120,000 kenan. Lebura ɗaya 4,000 a rana, 48,000. Abincin rana da ruwan leda 3,000 kullum, 36,000. Man babur 2,000 kullum, 24,000. Faifan injin yanka da man janareta 22,000. Jimla 250,000. Abin da ya rage maka 100,000, ka raba gida 12, wajen 8,300 a rana, kai da ka nemo aikin, injin naka ne, idan tayil ya ɗago bayan wata biyu kai za a kira ka gyara kyauta. Ba tare da rubutu ba 350,000 ɗin ce zata zauna maka a kai, gobe ka sake karɓar irinsa a haka. Manhajar kamar lebul take, zata nuna maka bango ya karkace, miƙe shi kuma aikinka ne, ko ka ƙara farashin kowace mita ta tayil, ko ka rage kwanaki, ko ka sa man janareta cikin kuɗin kaya tun a kwateshan.

Shafin kaya kuma idan akwai saura ka mayar wa mai shi ko ku yi magana a cire cikin cikon da kake bi. Idan akwai ciko a kansa ka tura masa takardar ƙarshe da jimla, kada ka rufe shafin sai kuɗin ya shigo. Wasu manhajojin suna da maɓallin tura tunatarwa kai tsaye da Turanci, ni dai bana son a yi wa dattijo haka, ka kira shi ku gaisa sannan ka tura takardar.

Maganar haraji da aikin kamfani

Ranar da makaranta ko kamfani ko wata ƙungiya ta baka aiki zasu nemi takardar neman biya mai lamba da kwanan wata, sau da yawa da rajistar sunan kasuwanci ta CAC da lambar haraji wato TIN, kuma zasu iya cire wani kaso a matsayin harajin da ake riƙewa tun daga tushe. Idan an cire ka shigar da shi a layinsa ka nemi takardar shaidar cirewar, don naka ne aka biya a madadinka. Sabuwar dokar haraji da shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, kuma a cikinta 800,000 ta farko a abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kanta. Mai cin gashin kansa hukumar harajin jiharsa yake biya, KIRS a Kano, KADIRS a Kaduna. Abin lura shi ne miliyoyi suna ratsawa ta asusunka alhali yawancinsu kuɗin simintin mutane ne, lissafin da ka raba kaya da hannu shi ne zai nuna wanne ne naka. Sannan zaka ga gidan VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya da aiki, a cikin manhajar, a Najeriya 7.5 cikin ɗari ne, kada ka kunna shi don kawai ka gan shi, ka tambayi akanta ko ofishin haraji ko ya hau kanka. Haka idan lokacin zakka ya yi, wannan rabon ne zai nuna maka abin da ka mallaka da abin da amana ce a hannunka kafin ka je wajen malam da tambaya.

Yaushe zaka fara biya

Ka yi aiki uku cikakku da ta kyauta tukuna. Bayan nan ka tambayi kanka, akwai kuɗin da na kamo wanda da ya ɓace, akwai gardamar da hoton rasit ya kashe, na canza farashina saboda abin da na gani? Idan eh, kuma ta kyautar ta fara takura maka, misali ta iyakance yawan ayyukan da zaka buɗe ko kana son yaronka ya dinga shigarwa daga tasa wayar yayin da kake wani wajen aikin, toh biya ya halatta, ka auna kuɗin shekara da abin da ta tsare maka. Ka duba ko da naira ake biya ko da dala, don na dala yana tashi duk lokacin da canji ya motsa ko da su basu ƙara ba. Ka fara da wata ɗaya kada ka biya shekara lokaci guda.

Idan kuma ka ga sati uku sun wuce baka buɗe ta ba, ka koma littafinka da gida huɗunsa da rabon kaya da hannu, ka dinga ɗaukar hoton shafin duk Juma'a kana tura wa kanka. Amma kafin ka goge ta ka fitar da duk abin da ke ciki, sannan idan ka taɓa saka katin bankinka ka shiga Play Store wajen biyan kuɗi ka soke rajistar da hannunka, don goge manhaja daga waya baya tsayar da cirar kuɗin wata-wata.